Karcen Mabuɗi

Shagona yana rabin tudu a Valparaíso,
inda matakala ke yanke wa tsofaffi numfashi,
can ƙasa kuma teku na lasar cikin jirage.
Sana'ata ta riga ni tsufa:
ina gyaran faifan sidi da ya karce.

Ranar Laraba Fresia ta hawo,
ta tsaya a ƙofa har hakinta ya lafa,
ta kwance wani ƙyallen goge kwano,
ta ajiye mini faifai a kan tebur
kamar mai ajiye ƙwai.

Na ɗaga shi ga hasken taga.
Bakan gizo ya gilma, sai ga raunin.
Karce iri-iri ne, na san su kamar yunwar cikina:
na faɗuwa, na yashi, na farcen jariri,
duk sukan ratsa daga tsakiya zuwa baki,
na'ura ta tsallake su ba ta ko waiwaya.
Wannan kuwa zagaye ya yi,
ya bi sawun muryar, yana taka ta.
Hannu ne ya yi shi, da gangan.

"Kyanwa ce," in ji ta.
Na ce to.
Kyanwar da ke riƙe mabuɗi ban taɓa gani ba.

Na wanke shi da ruwa mai ɗumi,
na duba bayansa, wajen rubutu,
don nan ne maganar take kwance
ƙarƙashin fatar da ba ta kai ɓawon albasa ba.
In can aka huda, sai haƙuri.
Can lafiya lau. An rubuta da alƙalami shuɗi:
Ga Mama, daga Nibaldo.

Mutane na zaton cike ramin nake yi.
A'a. Kewayensa nake ci,
kaɗan-kaɗan, da auduga da man gogewa,
har tudu ya sauko ya tarar da kwari.
Faifan yakan rage kauri,
shi ne kuɗin da yake biya.
Daga tsakiya zuwa baki, daga tsakiya zuwa baki,
wuyan hannuna na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.
Ita tana zaune kan akwatin lemo
tana ƙirga jiragen da ba nata ba.

Sau uku na saka, sau uku na'ura ta tofar.
A na huɗu ta yi gyaran murya.

Saurayi ne, da mura a hancinsa,
iska na bugun wani kwano a bayansa.
"Mama, na samu aiki a kudu,
sanyin nan ba a magana.
Mama, ni dai ba zan..."
Sai tsit. Daƙiƙa goma sha ɗaya
lambobi na tafiya, ba kowa a cikinsu.

Na ce, "Nan ya fi ƙarfina."
Ta ce, "Bar shi. Wannan na haddace.
Nan na tsayar da shi, shekara goma sha tara."

Ta miƙa hannu za ta ɗauki jaka,
sai muryar ta dawo.

Ashe da saura, minti bakwai cur.
Ya ce ta matsar da tukunyar lemun tsami daga bakin taga,
ya ce kuɗin wuta na cikin gwangwanin shayi,
ya yi dariya kan wani kare mai ƙafa uku,
sannan ya faɗi sunan titi da lambar gida,
a hankali, har sau biyu,
yadda ake yi wa wanda ke neman abin rubutu.

Ba ta yi kuka ba.
Ta ce in mayar da shi baya.
Ta ari fensirina, ta juya rasit,
ta rubuta, fensirin na huda takarda.

Ta biya ni da tsaba, ta manta ƙyallen.
Na leƙa ta taga ina kallon ta tana sauka,
hannu ɗaya a kan ƙarfen matakala,
ɗayan dunƙule.

Lemun tsamin, ta ce mini a bakin ƙofa,
tun a shekarar farko ya bushe.